Vessel, Ko-ken, KTC da Nepros a garejin gyaran injin ban ruwa

Duk bakaniken da zai iya sayen kayan aikin Japan guda ɗaya tak, kuma aikinsa irin nawa ne, wato babura da janareta da injin ban ruwa, to ya sayi sukudireba sita mai lamba 2 ta kamfanin Vessel, ya ajiye maganar racet sai ya samu sarari. Na san abokan sana'a da yawa ba za su yarda da ni ba. Racet, wato hannun nan mai haƙora a ciki da ake ɗaura wa soket a kwance noti, shi ne abin ɗagawa a nuna wa mutane, shi ke ƙyalli, shi ke ƙaran nan ƙit-ƙit-ƙit da yara ke so. Amma a lissafina, asarar da ake tafkawa a gareji ba daga racet take fitowa ba, daga kan sukurun da ya lashe take fitowa.

Garejina rumfar kwano ce a bakin titi, tsakanin Ringim da Gujungu a jihar Jigawa. Da damina babura sun fi yawa, Boxer da Jincheng da roba-roba. Da zarar an shiga noman rani kuwa, musamman daga watan Nuwamba da ake shuka alkama, injinan ban ruwa ne ke cika gaban rumfar, 'yan inci biyu da 'yan inci uku, a ɗauro su a bayan babur ko a amalanke. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aikin ya ƙaru, domin manoma da yawa sun mayar da injinansu masu shan iskar gas, ka ga kenan cire kafireto da ɗaura wani ya zama aikin kullum. Kusan duk injinan nan ko dai Honda GX160 ne, ko tsohon Robin EY20, ko kuma 'yan Caina da aka kwaikwayi Honda noti da noti. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai kwafin Yamaha ne. Jincheng AX100 kuwa ko lambar ba a canza ba daga ta Suzuki. Wato ko ba ka taɓa ganin mutumin Japan ido da ido ba, ma'auninsu kake kwancewa kana ɗaurewa daga safe har magariba.

Kayan da zan yi magana a kansu ba rana ɗaya suka zo hannuna ba. Wasu na tsinto su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano wajen masu kayan tokumbo, wasu ƙanina da ke aiki a Kano ya yi mini oda ta intanet ina biyansa kaɗan-kaɗan, guda ɗaya kuma aro aka ba ni.

Dalilin da ya sa na fara da sukudireba shi ne sita ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta cika kasuwa ƙirar Amurka ce, Phillips, wadda ta samo suna daga Henry Phillips, masana'antun motocin can suka rungume ta a shekarun 1930. Japan kuwa suna da nasu ma'aunin da ake kira JIS, kuma gicciyen da ke kan sukurunsu ya ɗan bambanta da na Phillips: lungunan cikinsa sun fi tsini, bangon ramin kuma ya fi miƙewa. Da ido ba za ka gane ba, hannu ne ke ganewa. Idan ka sa Phillips a sukurun JIS, bakin ba ya zama daram, fikafikansa lilo suke yi a cikin ramin. Kana murɗawa tana neman hawowa sama, kai kana dannawa ita tana tsalle, kowane tsalle kuma yana ɗebe ɗan ƙarfe daga gicciyen. Kafin ka ankara rami ya zama kwano. Sai a ce ai sukurun ne ba shi da kyau. Wani lokacin gaskiya ne, sukurun wasu injinan kwafi taushi gare su sosai, amma ai mai taushin shi ya fi buƙatar makamin da ya dace da shi.

Sukurun Japan da yawa suna da ɗan ɗigo a gefen gicciyen, kanikawa kan ɗauke shi alama. Ba duka ke da shi ba, saboda haka kada ka ce sai ka ga ɗigo. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne bakin Vessel yana zama a sukurun Japan, yana kuma zama a na Phillips, ba sai ka tsaya tantancewa ba. Gwajin da nake nuna wa yaran gareji ba shi da wuya. Ka ɗauko sukurun kwanon kafireton babur, ka sa bakin Vessel a ciki, ka ɗan danna da babban yatsa, sannan ka jijjiga shi hagu da dama. Ba za ka ji ko ɗan wasa ba, kamar tare aka ƙera su. Ka sake gwadawa da ta kasuwa, za ka ji ƙas-ƙas, ɗan motsin da bai kai tsinin allura ba. Wannan ɗan motsin shi ke cinye kan sukuru.

Vessel kamfanin birnin Osaka ne, tun 1916 suke, kuma sukudireba ce asalin sana'arsu. Iri huɗu nasu nake aiki da su, kuma kowace da wurinta.

Akwai mai lamba 220, wadda suke kira Ball Grip, mai mariƙi kamar goruba. Wannan ƙwallon yana zama a tsakiyar tafin hannu, kana danna shi da dukkan nauyin kafaɗarka, yatsu kuma suna juya siririn wuyan. Masu aikin lantarki a Japan sun fi son ta, ni ma a wajen wayoyin janareta da makunnin babur da kwalin sola na fi ɗaukarta. Ba a yi ta don duka ba, kada guduma ta kusance ta. Sai Megadora 900, wadda ita ce ta kullum. Mariƙinta roba ne mai ɗan taushi da faɗi, ko hannunka ya jiƙe da baƙin mai yana kamawa, bakinta yana da maganaɗisu, yana riƙe sukuru idan za ka zura shi lungu. Idan aka ce in zaɓi ɗaya, ita ce, P2, wato sita lamba 2, mai tsawon milimita 100. Megadora 930 kuwa ƙarfenta ya ratsa mariƙin har ya fito baya, an yi ta ne don a buga, kuma a gindin sandarta akwai wurin kama sufana idan ana son ƙarin ƙarfin murɗawa.

Ta huɗun ita ce ta fi ba mutane mamaki, Megadora Impacta 980. A ido sukudireba ce kamar kowace, amma a cikin mariƙinta akwai wata dabara: idan ka buga bayanta da guduma, sandar tana juyawa hagu da digiri 12 a daidai lokacin da dukan ke danna bakin cikin ramin. Wato juyawa da dannawa suna zuwa tare, bakin ba shi da damar hawowa.

Kwanakin baya wani dattijo ya turo babur daga wani ƙauye, wuta ta ɗauke. Koyil ɗin bayan magneto ya ƙone, kuma kafin a kawo mini an riga an gwada cire shi a wani wurin. Sukurun da ke riƙe da shi ɗaya ya fita, sauran biyu gicciyensu ya fara zama zagaye, ga sawun kurfi a gefen ɗaya.

Ya ce, "Malam, an ce mini sai an kai wajen mai walda ya liƙa noti a kai. Ni tsorona kada zafi ya lalata murfin."

Na ce, "Baba, zauna a benci tukuna, bari mu gani."

Na sa tsinken waya na ƙwaƙule ƙasa da dattin da ke cikin ramin, domin rabin sukurun da ake cewa sun lashe datti ne ya hana baki shiga. Na ɗiga kalanzir, na sa yarona ya tokare injin da katako ta baya don kada dukan ya tafi a banza. Na dasa bakin Impacta, na riƙe ta da hannun hagu ina ɗan murɗa ta hagu, na sauke guduma. Dukan farko bai yi komai ba sai zaunar da bakin. A na gaba na ji ɗan "tas", sukurun ya saki. Ɗayan, mai sawun kurfi, ya ƙi, domin babu sauran abin da baki zai kama. Shi sai na ɗauko filayar Engineer, PZ-58, ita ma ta Osaka. Filayar da muka saba haƙoranta a kwance suke, idan ka kama kan sukuru ta gaba sai ta sulɓe. Wannan an yi mata tsagi a tsaye a ƙarshen baki, tana cafke gefen kan sukurun daga sama, ka matse ka juya. Da yake dukan ya riga ya girgiza tsatsar, juyi ɗaya ya biyo. Dattijon ya karɓi sukurun yana jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "Ikon Allah. To wancan yaron da me yake aiki?" Ban ba shi amsa ba, don yaron ba shi da laifi, abin da ke kasuwa ya saya.

Impacta tana da iyaka, kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Manyan sukurun da suka shekara a cikin ruwa da taɓo, irin na jikin famfon tsohon inji, aikin babbar direban duka ce, irin Vessel 2500 ko Attack Driver ta Ko-ken, mai kaurin jiki da ake canza wa baki. Sannan murfin alminiyam ba ya son duka mai yawa, idan ba ka tokare shi ba za ka cire sukuru ka fasa abin da ya fi shi tsada.

Akwai wasu kamfanonin sukudireba na Japan, Anex na garin Sanjo a yankin Niigata, da Sunflag, da Hozan da suka fi karkata ga kayan lantarki da kekuna. Anex guda ɗaya gare ni, 'yar guntuwa ta shiga lungu, bakinta yana zama kamar na Vessel. A wajen baki ban ga abin da zai sa in fifita wata a kan wata ba, bambancin a mariƙi yake, Vessel kuma ta fi sauƙin samu. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, yanzu da famfon sola ya fara yawa a fadama: wasu sukurun kayan lantarkin Turai suna da ƙananan layuka huɗu tsakanin fikafikan gicciyen. Wannan Pozidriv ne, iri na uku, kuma yana da tasa sukudirebar daban.

Yanzu racet. Girman bakinsa uku ne aka fi sani, milimita 6.35 da 9.5 da 12.7, wanda mu muke cewa kwata da tiri-et da haf. Na tsakiyar shi ne na aikinmu. Ƙaramin na masu ƙananan notuna ne, babban na masu mota da tarakta.

Abin da masu talla ke ɗagawa shi ne yawan haƙora. Lissafin a fili yake: zagaye digiri 360 ne, ka raba da yawan haƙoran, ka samu iyakar kaɗawar da hannu zai yi kafin racet ya kama haƙori na gaba. Mai haƙora 24 yana son digiri 15, mai 36 digiri 10, mai 72 digiri 5, mai 90 digiri 4. A cikin injin motar zamani, inda hannu ba ya samun wurin motsi, wannan babban abu ne. To amma injin ban ruwa a fili yake, a kan firam ɗin bututu, kana iya zagaya shi ta ko'ina. Babur ma haka, in ban da wurare kaɗan a ƙarƙashin tanki. Saboda haka yawan haƙora bai taɓa zama abin da ya raba mini gardama ba.

Abin da ya raba mini ita shi ne nauyin komowa. Idan ka sassauta noti ya yi laushi amma bai kai a juya da yatsa ba, sai ka ga kana mayar da hannun racet baya notin yana biyo shi, ka kai gaba ya dawo, kana ta kaɗawa babu inda aka je. Dole ka sa ɗayan hannun ka riƙe soket. Wannan yana faruwa ne idan sifirin da ke cikin kan racet ya yi ƙarfi fiye da riƙon notin. A nan Ko-ken suka yi wa kowa nisa. Kamfani ne na garin Kakegawa a yankin Shizuoka, tun 1946, kuma sun tsaya ne a kan soket da racet da danginsu, ba su bazu cikin kowane irin kaya ba. Tsohon samfurinsu 3753, haƙora 24 ne kacal, wanda idan ka faɗa wa yaron zamani zai yi dariya. Amma ka riƙe soket ɗin da yatsa biyu ka mayar da hannun, kusan ba ka jin komai yana ja. Notunan murfin bawul na GX160, masu kai milimita 10, da hannu ɗaya nake fitar da su har ƙarshe, ɗayan hannun yana riƙe da murfin. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ga wanda aikinsa a fili yake, wannan tsohon samfurin ya ishe shi har ya tsufa.

Suna da na zamani, jerin Z, wanda nawa shi ne 3725Z. Da farko haƙora 36 aka yi shi, daga baya suka mayar da shi 72, kuma sauƙin komowar nan bai tafi ba. Kansa ƙarami ne, siriri, soket ɗin jerin Z kuma gajeru ne, idan ka haɗa su tsayin duka ya ragu sosai. Notunan da ke riƙe kafireto da gidan iyakilina, da na salansa ta wajen silinda, nan yake nuna kansa. Shi na fi ɗauka a yanzu, amma ba don ya fi tsohon ƙarfi ba, don ya fi shi shiga ne.

KTC kamfanin Kyoto ne, an kafa shi a 1950, kuma a Japan shi ne kayan garejin kowa da kowa. Racet ɗinsu BR3E haƙora 36 ne, yana da maɓalli a baya: sai ka danna soket ke fita, idan ba ka danna ba ko ka ja ba zai cire ba. Wanda ya taɓa neman soket a cikin taɓon fadama, a bakin rijiya, ya san amfanin wannan. Kuma idan hannu ya yi santsi da mai, cire soket daga racet marar maɓalli sai da haƙuri. Komowarsa ta fi ta Ko-ken ɗan nauyi, jikinsa kuma ya fi kauri. Shi nake ba yara, shi nake sakawa a jaka idan aka kira ni gona. Tone, na Osaka, suna da RH3H mai haƙora 72, shi ma da maɓalli, kuma a farashin da ƙanina ya gani shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Na wani abokin aikina ne a Taura, na riƙe shi na yi aiki da shi, lafiya lau yake. Wanda kuɗinsa bai kai Ko-ken ba ya saye shi ba zai yi da-na-sani ba.

Wanda aka ba ni aro shi ne Nepros NBR390. Nepros reshen KTC ne na alfarma, sun fito da shi a 1995. Na wani injiniya ne da ya zo kafa famfunan sola a yankinmu, ya ga ina kallonsa ya ce, "Oga, riƙe shi ka gwada, in na dawo ɗaukar kayana na karɓa." Haƙora 90 ne, an goge shi yana ɗaukar ido har kana ganin fuskarka, babu wata kusurwa a jikinsa da za ta ci maka hannu, nauyinsa kuma ya daidaita yadda ba ka jin kan yana rinjayar mariƙin. Ƙaransa ma daban ne, siririn sauti kamar na agogo. Ban taɓa riƙe makamin da ya kai shi kyau ba, wannan gaskiya ce. To amma na yi aiki da shi a kan injinan da nake gyarawa kullum, ban ga notin da ya fitar wanda Ko-ken ya kasa ba. Kuɗinsa kuwa zai saya maka sukudirebobin Vessel da na lissafa, har da canji. Sannan akwai abin da ba a faɗa: makami irin wannan yana sa ka aiki da rabin hankali, ɗaya rabin yana kan inda ka ajiye shi. A rumfa irin tawa, ƙasa ce daɓen, mutane suna shiga suna fita, ranar Lahadi da Gujungu ke ci ba ka ma san wanda ya zauna a bencinka ba. Da ya dawo na goge masa abinsa na miƙa masa, na ji sakayau.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar racet a nan. Da hunturu iska na kwaso ta ta cusa ko'ina, kuma mai ƙananan haƙora ya fi saurin jin ta, domin ɗan datti kaɗan ya isa ya hana ɗan harshen ƙarfen da ke cikin kan racet zama a cikin haƙori. Duk wanda ka saya, ka riƙa buɗe shi kana wankewa da kalanzir, ka ɗiga mai marar kauri. Kada ka cika shi da giris irin na boris, yana riƙe ƙura, yana kuma danne sifirin, sauƙin komowar da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Ko-ken da KTC duka suna sayar da kayan cikin daban, haƙori da harshe da sifirin, idan sun gaji a canza, ba sai an jefar da racet ba. Ɗabi'ar da nake yaƙi da ita wajen yara ita ce zura bututu a hannun racet don kwance notin fulawil ko na taya. Wannan aikin doguwar sanda ce marar haƙora. A karya ƙarfin notin da ita, sannan racet ya ƙarasa.

Da za a bi ta tawa ma, soket ya fi racet muhimmanci, domin shi ke taɓa notin. Racet na banza zai ɓata maka rai, soket na banza zai ɓata kayan mutane. Ma'aunin Japan a kan noti 8 ne da 10 da 12 da 14 da 17 da 19. Ƙarfen da Turawa ke yi wa kai 13, Japan 12 suke yi masa, shi ya sa a akwatin da ka saya saiti za ka ga 13 da 11 da 15 suna nan sababbi fil, 10 da 12 kuwa sun sha wuya. Kada ka sayi saiti. Ka sayi waɗannan shida ɗai-ɗai, masu kusurwa shida ba goma sha biyu ba, ka ƙara dogon 10 da dogon 12 saboda notunan da ke kan dogon ƙarfe. Ko-ken suna da wani iri da suke kira Surface Drive, wanda ke kama noti ta gefensa maimakon ta kusurwa, kuma notin da ya fara zagayewa sau da yawa yana fita da shi. Suna da Nut Grip, mai 'yan ƙwallaye a ciki da ke riƙe noti kada ya faɗa cikin inji. Wannan na biyun daɗi ne kawai, ana iya rayuwa babu shi. Na fulogi kuwa uku kake buƙata: 20.8 na injin ban ruwa, 18 na babura masu injin irin CG, 16 na roba-roba.

Kuma kada wani ya ɗauka racet ya kori ti-sufana. A wajen murfin kuloci, inda notuna masu kai 8 suka jeru zagaye, babu racet ɗin da zai kamo ti. Ka sassauta, ka riƙe sandar da yatsu, ka kaɗa hannun da ɗaya yatsan, notin ya fito da gudu. Tawa ta KTC ce, 8 da 10, kuma a yini na fi ɗaukarsu fiye da duk racet ɗin da na ambata. Haka ma filat ɗin cire jet ɗin kafireton GX160: jet ɗin tagulla ne, yana can cikin bututu, kuma filat mai faɗin kafaɗa ba ta shiga, idan ka tilasta ta za ta ci zaren bututun. Wata tsohuwa na samu na goge gefunanta a dutsen wuta har ta miƙe sambal, na ware ta don wannan aikin kaɗai.

Maganar saye ita ce mai wuya. Sabon kayan Japan na gaske ba ka cika samunsa a kasuwannin ƙauye ba, sai oda, kuma da canjin dala yadda yake sai ka yi shiri. Rubutun "Japan" a jikin ƙarfe kuwa ba ya nufin komai, wanda ya iya ƙera jabu ya iya buga rubutu. Hanya mafi araha ita ce kayan tokumbo. KTC sun daɗe suna yi wa Toyota kayan aikin da ake sakawa a but ɗin sabuwar mota, kuma irin waɗannan sufanu masu tambarin Toyota suna nan a tarin ƙarafan 'yan gwangwan da na Ƙofar Ruwa, baƙaƙe, marasa kyan gani, masu su ma ba su ɗauke su a bakin komai ba. Idan zan je sai in sa sabon noti 10 da 12 da sukurun kafireto a aljihu. Ba na sauraron abin da mai kaya zai ce, gwadawa nake yi.

Zuwana na baya wani yaro ya miƙo mini sufana sabuwa tana walƙiya, ya ce, "Alhaji, orijina ce wallahi, duba ka ga an rubuta." Na sa notin 12 a bakinta, ya yi ta rawa, na kankare gefenta da farce, farin ya ɓanɓaro. Na ajiye masa. A cikin buhun da ke ƙarƙashin teburinsa na tono tsofaffin Toyota guda biyu, 10 da 12, da 14 da 17, tsatsa ta rufe rubutun. Notin ya shiga bakinsu cif. Ya sallama mini su biyun a ƙasa da kuɗin waccan ɗayar. Na jiƙa su a kalanzir na goge da burushin waya, yanzu su ne a jakar da nake tafiya gona da ita.